Kalmasar Rigar Tsuntsuwa

Hujin zuciyar ya toshe! Wallahi ya toshe, da idona na gani a allon na'ura! Jikarmu Tsuntsuwa ta tashi, ta ci, ta sha, har ta fizge mini hula ta ruga baranda da ita, ni da nas muna bin ta muna haki, ita kuwa ko a jikinta!

Af, ko gaishe ki ban yi ba. Ki yafe wa tsoho, murna ce ta sha kansa. Aminci ya tabbata a gare ki, ya sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata, abokiyar furfurata!

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, a kashe take. Ban yi fushi ba. Na san tun ranar da muka taho asibiti kika kashe ta, don kada mugun labari ya shigo miki ta cikinta. Shi ya sa na ari biro a wurin nas, na zauna a benci, na ɗora takarda a gwiwa. In kin ga layin ya karkace, ai kin san hannun. Kin tuna lokacin da nake dawowa daga ajin manya na yamma, da furfurata da ɗan littafina, na fara rubuta sunanki? Kika juya takardar sama da ƙasa, kika ce ko yaron da ya fara koyon ɗinki jiya ya fi ni miƙe layi. Amma sai da kika ninke ta kika sa a aljihun keken ɗinkinki. Ina sane, gwanata!

Bari in gaya miki yadda aka yi. Ba su tsaga mata ƙirji ba. Ta jijiyar cinya suka zura wani siririn bututu har cikin zuciya, suka kai wani ɗan marfi da bai fi maɓallin riga ba, suka dasa shi a bakin hujin. Likitar, wata 'yar siririya mai gilashi da ba ta wuce sa'ar 'yarmu Auta ba, ta ce sabon abu ne, sun daɗe suna gwada shi a ɗakin bincike kafin a yarda su sa wa yara. Wai naman zuciyar ne zai riƙa hawa kansa a hankali, shi kuma yana narkewa, har a wayi gari babu shi, sai tsokar yarinyar kaɗai. Nan take na tuna da ke. Ba haka kike yi ba? Ki fara kafe tufa da farin zare, in ɗinkin gaske ya kama, ki zare shi ki yar? Na faɗa wa likita, ta yi dariya, ta ce a kawo mata wannan telar ta gan ta.

Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce har yanzu bincike ake yi, ba ta da ikon yin alkawari, kuma akwai magani da za a riƙa ba ta. Auta da mijinta, iyayen yarinyar, sun yi kuka kafin su amince. Ni ma na juya na duba bango.

Amma yau na ɗora kunnena a ƙirjinta, ya hasken raina. Wannan hucin da kika sani, mai kama da iska tana kutsawa ta ƙarƙashin ƙofa, babu shi! Bugu ne kawai, tsaf, kamar kekenki in an sa masa mai.

Na san irin hucin da kika fara ji a ƙirjin ɗanmu na fari, yana shan nono yana jiƙewa da gumi, a zamanin da ba mai abin yi masa sai addu'a. Na san rigarsa tana ƙasan akwatinki, da kalmasa mai faɗi da kika bar masa don ya girma a ciki, ba a taɓa warware ta ba. Kina tsammani ban lura ba? Duk yaran unguwa kina bar musu kalmasa, iyayensu na yaba miki. Amma tun da aka ce Tsuntsuwa na da huji, rigunanta cif-cif kike yanka su, ko faɗin yatsa ba kya bari. Ban taɓa yi miki magana ba. Wa zai ga laifin uwar da ta taɓa binne ɗa? Wace zuciya ce za ta so a sake ajiye mata riga a ƙasan akwati?

To ki ji wannan, ya wata mai haska darena. Likita ta ce tana son ganin yarinyar nan duk shekara, har ta shiga sakandare. Sakandare fa! Mutanen da suka leƙa cikin zuciyarta sun bar mata kalmasa. Ke ce za ki hana ta?

Ɗazu ta ja gemuna ta ce, "Kai tsoho, ina Kakata mai keke? Ko tsoron allura take ji?" Me zan ce mata?

Ki zo, don Allah. Ki taho da tef ɗinki na awo da yadin nan mai furanni da kika ɓoye a saman kabad. Ki auna ta, ki ƙara tsawo, ki ninke ƙasan da faɗin tafin hannuna. Ni zan riƙe miki bakin yadin, kamar yadda na riƙe ki ranar da muka dawo gida mu biyu babu ɗanmu, kamar yadda zan riƙe ki har ranar da tawa zuciyar za ta ce ta gaji.

Naki ne ni, jiya da yau da abin da ya rage,
Ɗalibinki mai karkataccen rubutu.

Ki kunna wayar nan! Ki gaya wa yayarki, da maƙwabta, da mai shagon bakin layi da ke tambayarta kullum. Kowa ya zo, bene na biyu, ɗakin yara, gadon kusa da taga. In ba ku same ta a gadon ba, ku duba baranda, ku nemi wadda ke gudu da hulata.