Malam-buɗe-littafi Sun Wuce, Ba Ka Dawo Ba

Da sunan Allah Mai rahama. Daga ƙanwarka Saude, a rugarmu ta Dogon Dawa, zuwa ga Yayana Bakoji a ƙasar Nufe. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Modibbo, malamin rugarmu, ne ya rubuta mini, fatake za su kawo maka. Mu nan mun gode Allah, ƙanwarmu Furera ta haifi namiji, sai dai Inna jiki ya ƙi, tun sanyi take kwance.

Yaya, bazara ta yi. Malam-buɗe-littafi sun keto daji daga kudu kamar kowace shekara, har suka rufe lakar bakin rafi. Ka san tun zamanin Baffa su ne alamarmu: in suka yi arewa, masu cin rani na biye da shanu. Yero ya dawo, Dabo ya dawo, kai shiru. Mun ji labarin annobar da ta faɗa wa shanu, mun san garken ya ƙare. Yero ya ce ya gan ka kana yi wa wani noma, wai ka rantse ba za ka shigo ruga da sanda kaɗai ba. Maganar nan ta ƙona mini rai. Kai ka aiko da cutar? Dabo ma da karsana ɗaya ya shigo, ba wanda ya yi masa dariya. In da rai da rabo.

Kai ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba, kunya kuma ta hana ta tambayar labarinka. Sai ta riƙa tambayata ko ƙwarin nan sun gama wucewa. In na ce da saura, ta sa a fitar da ita inuwar kaɗanya, ta zauna tana duban kudu. Shekaranjiya na duba, ko ɗaya babu, ga ruwa ya sauka. Na kasa yi mata ƙarya. Ta ƙi shan fura, can sai ta buɗe baki a gaban surukanta ta ce ina Bakoji. Kowa ya sunkuyar da kai, ni kuwa kuka na fashe da shi. Ba ta tambayi saniya ko ɗaya ba.

Don Allah ka taso kafin koguna su cika. Ina tsoron ba za ta kai kaka ba.

Goggo Mairama da Ja'afaru suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarka mai jiranka,
Saude