Jar akuyar da kuka ƙirga cikin nasararku

Zuwa ga Mai girma Shugaban furojen tallafa wa magidanta masu ƙaramin ƙarfi a yankunan Buza, Keita da Madawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a. Na bi ƙofar koke-koke da kuka buɗe mana har ƙafata ta gaji, ban samu wanda ke da ikon cewa i ko a'a ba.

Sunana Ramatu, ina zaune a wani ƙauye na komin Tabotaki, wato ƙaramar hukumarmu. Ubana makiyayi ne da ya zauna ya kama noma. Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa duk furoje, wato shirin tallafi, da ya shigo garinmu ni ake turawa gaba in yi wa mata bayani. Naku ma ni na yi masa.

Na ɗaya. Ni ba maƙiyiyar lissafi ba ce. Iyayenmu sun tashi da tsoron ƙidaya, don a zamaninsu duk wanda ya ƙirga maka bisashe, jangali na biye da shi. Har yau tsohuwa a nan ba ta faɗin yawan jikokinta. Furojojin farko, waɗanda suka sa mu jera duwatsu a kan fako don tare ruwan sama, ba su damu da ƙirge ba. A zauna gindin itacen bedi, mai gari da dattawa su faɗi wanda ya cancanta. An yi aiki, ban musa ba, amma wanda ba shi da kowa a fada sau da yawa labari kawai yake ji. Da kuka zo kuka ce tambaya iri ɗaya za a yi wa kowane gida, inji ya ba kowa makinsa, wallahi har guɗa na yi. Na bi gida-gida ina ce wa mata su daina ɓoye-ɓoye, su faɗi gaskiya, inji ba shi da suruki. Sun yarda ne don ni na faɗa.

Na biyu. Akwai al'adar da muke kira habbanaye, wadda muka gada daga Fulani har ta zama ta kowa. Mai bisa zai ba wanda ba shi da ita macen akuya ko tunkiya. Ta zauna hannunsa, ya sha nono, ta haihu ya riƙe ƴaƴan, sai lokacin da aka yi alkawari ya cika ya maido uwar. Ba a biyan komi. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a maido ta kafin lokaci, balle da ciki. Wanda ya yi haka ya nuna ba ya son zumuncinka ke nan.

Zainabu, da muke kira Abu, ƙawata ce tun muna zuwa ɗiban ruwa kwari tare. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi bida, wato ci-rani, Libiya, shiru har yau, ya bar mata ƙananan jikoki. Na ba ta jar akuyata, wata maƙwabciya ta ba ta tunkiya. Masu bincikenku suka zo da damina, lokacin da kowa ke ɗaure bisashe a gida saboda shuka. Tambayar da ke cikin tablet ɗinsu ita ce bisashe nawa ke kwana a gidan. Ba ta tambayi na wa ne ba. Abu ta faɗi abin da ke turke, ta kuma yi bayanin cewa aro ne. Ma'aikaciyar ta saurare ta da ladabi, ta ce babu gurbin da za ta sa wannan maganar.

Da sakamako ya fito, Abu na cikin masu hali. Ni kuwa da na samu abin bayarwa, turkena ya ragu, sai ga ni cikin waɗanda za a ba hatsi da fili a lambun furoje. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na uku. Na je wurin ma'aikacinku da ke kula da garinmu, ya tura ni ofishinku na Buza. Na roƙi a cire ni a sa Abu. Aka ce maki daga Yamai yake fitowa, masu ba da tallafi ba sa son hannun mutum ya taɓa shi, in aka gyara wa ɗaya lissafin duka ya gurɓace. Wani dattijo a ofishin, wanda ya san habbanaye sarai don a ruga ya tashi, ya raka ni bakin ƙofa ya ce a da yakan shiga gari ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani a yi aiki da shi, yanzu kuwa ba a jin komi sai abin da ya shiga tablet. Mun gudu daga hannun da ke son kai, mun faɗa inda babu hannu ko ɗaya. Hatsin ina raba shi da Abu, amma takan karɓa tana kallon ƙasa, don ba ta son ci daga hannuna sau biyu.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa ni rubutu. Da shekara ta zagayo aka ji labarin masu bincike za su dawo. Babu wanda ya gaya mana me za su zo yi, kowa ya ɗauka sabuwar rajista ce. Mutanen da a da ke gudun ƙidaya yanzu sun koyi yi mata shiri. Wasu suka kai bisashen aro gidan masu su na ƴan kwanaki, da niyyar ɗaukowa bayan an wuce. Abu ba irin wannan ba ce. Da hantsi, kan idon kowa, ta jawo akuyar har ƙofar gidana, cikinta ya yi nauyi. Na ce ta bar ta nan har su tafi sannan ta zo ta kwance abinta. Ta miƙo mini igiyar ta ce:

“Ramatu, ke kika ce mu faɗi gaskiya. Ba zan iya yi musu ƙarya ba. Gara in zama ba ni da ita da gaske.”

Masu bincike suka zo, ashe ba rajista ba ce. Ƙuri'a aka yi aka zaɓi wasu gidaje cikin waɗanda aka tallafa wa da wasu cikin waɗanda ba a tallafa wa ba, don a gwada a ga ko furoje ya yi amfani. Gidana ya faɗa ciki, na Abu ma haka. Aka ƙirga turkenta babu komi, don tunkiyar ma ta mayar wa mai ita, aka ƙirga nawa da jar akuya a ciki.

Ina zaune a zauren magajin gari ranar da kuka zo da kanka aka karanta sakamako. Aka nuna zane a bango, aka ce bisashen waɗanda furoje ya taimaka sun ƙaru, na sauran sun ragu. Aka yi ta tafi. Mai girma Shugaba, ban san na wasu garuruwa ba, amma akuyar da ta ƙaru a gidana na san ta tun tana ƴar ƙarama, kuma ba ku kuka kawo ta ba. Daga gidan gwauruwa ta fito, kuma tsoron tambayarku ne ya fito da ita. Na so in ɗaga hannu, na kasa.

Na biyar. Bayan girbi Abu ta kwashi jikokinta ta tafi wajen Madawa ƙwadago a garakan albasa, wato lambunan rani. Ba ta yi mini sallama ba. Na san ba fushi ba ne, kunyar abin da ta yi a ƙofata ce ta hana ta, don a wurinmu ta yanke zumunci ko da ba ta nufa ba. A garinmu yanzu mai bisa na son bayarwa, maras ita na tsoron karɓa, kada wata ƙidaya ta zo ta same ta a turkensa. Abin da ya riƙe marayu tun kafin a san furoje ya tsaya cak, kuma babu zanen da ya nuna wannan.

Ba na cewa ku daina ƙirge. Na ga zamanin da babu shi, ba na son ya dawo. Roƙona shi ne, kafin a sa tambaya cikin inji a kawo ta gari a karanta mana, da mun gaya muku tun farko cewa bisar da ke kwana a gida daban, ta mai gida daban. A kuma riƙa faɗa wa mutane abin da za a yi da amsarsu. A ba wani mutum mai rai ikon ya ji koke ya gyara, ya sa hannu ya ɗauki nauyinsa. A cire akuyata daga cikin nasararku. Filin lambun da ke hannuna a mayar da shi ga Zainabu, na yafe da zuciya ɗaya.

Na ƙarshe shi ya fi mini komi. Ka sa a yi shela a kasuwanni da rediyo, har ta kai garakan Madawa, cewa bisar habbanaye ba za a ƙara ɗora ta kan wanda ya karɓa ba. Jar akuyar ta haihu, ta sami mace. Cikin a turken Abu aka ɗauke shi, saboda haka ƴar tata ce, ban sa ta cikin nawa ba kuma ba zan sa ba. Na aika mata har sau da dama, ba ta amsa ba. Maganata ta riga ta ci ta sau ɗaya, wataƙila in ta ji daga bakinku za ta zo ta kwance.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa aikinka ya amfani waɗanda aka yi shi dominsu, ya tsare ka da ɗaukar hakkin wanda ba ka taɓa gani ba. Allah ya dawo wa Abu da ɗanta, ni kuma ya dawo mini da Abu.

Wassalam.

Ramatu,
daga komin Tabotaki, yankin Buza.