Ba Ni Na Sa wa Malam Ciwon Zuciya Ba

Daga: Sabuwa Iro, Ƙofar Kwaya, Katsina
Zuwa ga: Mai Girma Babban Likita, Sashen Ciwon Ƙirji
3 ga Fabrairu, 2025

Game da: Faɗin "ciwon zuciya" gaban dangin miji ba tare da bayani ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Mijina, Malam Sammani, ya shekara ashirin da bakwai kan injin niƙa a Babbar Kasuwa, yana shaƙar ƙurar gari. Tarinsa ya girmi 'yarmu ta fari.

2. Ranar Talata, 14 ga Janairu, muka kawo shi da haki da kumburin ƙafa. Likitanku ya duba hoton ƙirji, ya ce ciwon zuciya ne, ya wuce. Ya faɗi haka ne gaban yayar Malam, Hajiya Ramla, wadda ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

3. A unguwarmu, in aka ce magidanci ya kamu da ciwon zuciya, ba a tambayar me ya jawo, sai dai wace ce ta jawo. Kafin la'asar na zama abin nuni har wajen mai kayan miya.

4. Wata nas, Allah ya saka mata, ta bayyana mini cewa huhun ne ya lalace, zuciya ke ta fama da tura jini cikinsa har ta gaji. Sai dai ni kaɗai ta gaya wa, kuma ba a karɓar shaidar wanda ake tuhuma.

5. Ban musa ina da faɗa ba. Amma faɗana bai taɓa shiga huhun kowa ba.

6. Dangi sun yanke cewa maganinsa shi ne ya huta da ni. Don haka yanzu tun safe har magariba yana gindin injin, wai hutu yake. Shi kuwa bai ƙaryata su ba, tunda kullum yayarsa na aiko masa da farfesu. Jiya sau uku ya tsaya tsakanin zaure da ɗaki yana neman numfashi, kuma wallahi tsoro nake ji.

Saboda haka ina roƙon a ba ni takarda da Hausa, mai hatimi babba, wadda ta ambaci huhu da sunansa, ta kuma hana shi zaman injin. In takardar ba za ta wanke ni ba, na yafe, a bar ni da laifin. A dai fito mini da shi daga ƙurar nan.

Allah ya ƙara girma.

Taku cikin ladabi,
Sabuwa Iro