Ƙorafi Kan Ƙin Karɓar Shirun Hajiya Aziza

Nuraddeen Maliki Soba,
Unguwar Dosa, Kaduna.
24 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Shugaba,
Cibiyar Adana Tarihin Zuri'a,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA IYALINMU TAKARDAR SHAIDAR NASABA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubutowa ne a madadin mahaifiyata, Hajiya Aziza, wadda ta haura shekara casa'in da hankalinta garau, da bakinta kuma.

1. Ɗana Suhaib ya yi aure a Kebek ta ƙasar Kanada. Dangin matarsa mutane ne masu bin asali. Sun bi nasu har zuwa wani soja da ya taso daga Faransa, wanda laƙabin bariki ya cinye sunan gidansu, suka tono sunan suka mayar. Yanzu suna son saka reshenmu a littafin zuri'arsu, amma sai da takarda mai hatimi.

2. Namu reshen ya tsaya ne a kan mahaifina, marigayi Maliki. Da aka kai shi makaranta zamanin Turawa, hedimasta bai tambayi sunan uba ba, sunan gari ya liƙa masa, kamar yadda aka yi wa sauran yara. Mun zama 'ya'yan Soba, alhali gari ba ya haihuwa. Mahaifina ya rasu ina goye. Tsofaffin Soba kuwa Mai Shuni kawai suka san kakana da shi. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san sunansa na yanka, ita ce Hajiya.

3. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, jami'inku Malam Bashir ya zo gida da rikoda. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ci dambu kwano biyu. Sannan ya nemi ta faɗi sunan surukinta da bakinta. Yallaɓai, matar da ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, yau ita za ta kira na ubansa a gaban na'ura? Ta tambaye shi ko a gidansu haka ake yi.

4. Maƙwabciyarmu Hajiya Atika ta kawo dabarar da mata suka sani. Ta riƙa jero sunaye, mahaifiyata tana maimaitawa. Labaran, ta maimaita. Adamu, ta maimaita har da dariya. Abubakar ma haka. Da aka ce Sharhabil, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe ba sanda ta shige ɗaki. Kowa a tsakar gidan ya gane. Ni da furfurata, ranar na fara sanin sunan kakana, kuma ban ɓoye hawayena ba.

5. Duk da haka Malam Bashir ya rubuta cewa mai ba da shaida ta ƙi amsawa, domin rikoda ba ta ɗauki komai ba. Aka hana mu takarda.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai cikin girmamawa da ya sa a karɓi wannan shiru a matsayin shaida, tare da sa hannun waɗanda suka gani, ko a zo da mai ɗaukar hoto a sake jero sunayen. A hanzarta don Allah, mai shaidar ba yarinya ba ce.

Idan ana neman ƙarin hujja, ga ta. Ranar Asabar da ta wuce aka raɗa wa ɗan Suhaib suna Sharhabil. An nuna wa Hajiya jaririn ta waya, ta sa masa albarka, ta yaba hancinsa. An yi an yi ta kira sunansa, ta ƙi. Baba take ce masa, kuma sai ta gyara mayafi kafin a juyo mata da fuskarsa.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka mai biyayya,
Nuraddeen Maliki Sharhabil
(wanda aka sani da Soba)