Carbin Uwata a Hannun Liman

Zuwa ga Gwaggo Binta,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙata. A unguwarmu babu wadda zan faɗa wa damuwata maganar ba ta riga ni isa gida ba. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Nasarawa Gwom a nan Jos, maigidana kuma yana sayar da katako a kasuwar Katako. A hajjin da ya wuce ya kai ni Makka, Allah ya saka masa, ba zan ɓoye alherinsa ba. Na dawo da haƙorin Makka a bakina, amma tun da na sauka ban yi dariyar da wani zai gan shi ba.

Sai na faɗa miki asalina kafin ki gane. Ni 'yar Birom ce daga Zawan, ba a cikin Musulunci aka haife ni ba. Mahaifiyata, Ngo Chundung, 'yar Katolika ce, kuma har gobe ita ke share cocin ƙauyenmu. Lokacin da na musulunta zan auri Alhaji, dangi suka yi mini ca. Ita kaɗai ta ce a ƙyale ni, sharaɗinta ɗaya, in riƙe addinin don Allah ba don miji ba. Tun daga ranar ta ware wata tukunyar ƙasa ta ce tamu ce, ba a dafa komai a cikinta sai abin da ya halatta mu ci. Duk haihuwata ita ta zo ta zauna da ni. Da azumi in na je ƙauye, ita ke tashina sahur. Wannan ita ce matar da aka ci wa mutunci a gidana.

Da tafiya ta matso na zaga dangi ban kwana da neman gafara kamar yadda aka saba. Da na je Zawan ta sa mini albarka, sannan ta ce in na bi ta ƙasar da Yesu ko mutanensa suka taka, in kawo mata wani abu da za ta riƙa riƙewa a hannu. Na yi mata dariya, na ce Makka daban can daban. Ita a ganinta duk ƙasashen annabawa unguwa ɗaya ce.

Ashe ita ce da gaskiya. Bayan mun gama aikin hajji, wani Kwara, wato Balaraben Sham, abokin cinikin Alhaji, mai kanti a Jos, ya matsa sai mun biyo ta garinsu a ƙasar Sham. Haka muka sauka Dimashƙa. Ya kai mu wani babban masallaci inda suka ce kabarin Annabi Yahaya yake. Na ga mata tsaye suna addu'a, sai matar Kwaran ta nuna mini da hannu cewa wasunsu Kirista ne, don shi ne wanda suke kira Yohanna Mai Baftisma. Babu wanda ya kore su, babu wanda ya harare su. Gwaggo, kuka na yi. Tun da na musulunta ban taɓa tsayawa wurin da na san uwata ma za ta iya tsayawa kusa da ni ba sai ranar.

Da muka fito muka bi ta unguwar Kiristocin garin, na ga irin carbin nan na Katolika, na itacen zaitun, mai ɗan gicciye a ƙarshensa. Na nuna wa Alhaji. Wallahi shi da kansa ya yi cinikin, da yatsu, tun da Larabcinsa bai wuce na salla ba. Har cewa ya yi tsohuwa ta cancanci abin da ya fi haka. Na naɗe shi a takarda na sa a jakar hannuna. A filin jirgi aka ce kayanmu sun yi nauyi, Alhaji ya zazzage komai yana sake shiri yana faɗa, ya karɓe ƙunshin ya cusa cikin buhun carbunan tsaraba, waɗanda su ma kowanne a takarda yake. Na ce masa kada ya manta, ya ce shi ba yaro ba ne.

Kin san yadda ake yi in alhazai sun sauka. Gida ya cika, mai tafiya ba ya taɓa kayansa. A gidanmu yayar Alhaji, Yaya Balaraba, ita ke rabon tsaraba: dabino, ɗan zamzam, kwalli ga mata, hula da carbi ga maza. Ni ina ɗaki ana ta barka da sauka, ga murar da na kwaso a hanya, carbin nan ya fita daga raina sam. Ranar walima Ngo ta zo tun da safe da tukunyarmu da accarta, ta zauna a bakin murhu, wanda yake jikin bangon zaure. Maza suka taru, aka miƙa wa limamin unguwa nasa kason. Ya ce bari ya ja addu'a da sabon carbin Makka don albarka. Ya warware takarda, ya ɗaga, sai ga gicciye yana lilo a gaban jama'a.

An ce kowa a zauren ya juya ya dubi Alhaji. Abin da ya kamata Alhaji ya yi bai fi ya ce kuskure ne, tsarabar surukata ce, a yi dariya a wuce ba. Sai ya rantse bai san da shi ba, ya ce aikin mata ne, ya ƙara da cewa ai kowa ya san inda na fito, jini ba ya ɓuya. Da ƙarfi ya faɗa, don na bayan zaure ma su ji ya wanke kansa. To, an ji. Uwata tana bayan bangon nan tana tuƙa masa tuwon baƙinsa.

Ta gama tuƙi, ta kwashe, ta wanke hannu, ta ɗauki mayafinta ta fita. Ko dabino ɗaya ba ta tafi da shi ba. Tukunyar ma a nan ta bar ta, tana kife a bayan ɗakina har yau.

Shi liman, Allah ya ƙara masa daraja, ya mayar da carbin cikin takardarsa ya sa a aljihu, ya ja addu'arsa da yatsu. Washegari matarsa ta kawo mini, ta ce Malam ya ce a mayar wa mai shi. Amma Yaya Balaraba ta ɗauki maganar ta zaga da ita gidajen suna da na biki, wai na je Makka da fuska biyu, wai hajjina bai karɓu ba, kamar ita aka ba riƙon ƙofar sama. Yanzu in na wuce sai in ji ana Hajiyar Coci. Matan da suka sha kunun uwata a jegona su ne kan gaba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Alhaji. An ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ni sai da na haifa masa huɗu na tauna. Da na yi masa magana ya ce maganar fatar baki ce, in bar tone-tone, shi yana da mutuncin da zai tsare a kasuwa, kuma yanzu gari ya ɗau zafi da wa'azi, kowa ido yake sa wa kowa. Wato shi ke da mutunci, uwata ba ta da shi. Ina dafa masa abinci, ina gaishe shi, amma na tsani jin takunsa a ƙofa, kuma ban taɓa zaton zan rubuta haka ba.

Kirsimeti ya wuce ban je Zawan ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba zan taka ba sai Alhaji ya fara zuwa ya ba ta haƙuri, don da wane ido zan dube ta? Ga kuma tsoron in na je a ce ai ga shi nan, ta koma coci. Ko yaji na yi, gidanmu ne za a mayar shaida a kaina. Makon jiya ƙanena Badung ya zo da saƙonta. Ta ce kada in wahalar da kaina da zuwa, ba za ta ƙara shigowa Jos ba. Ta ce in dai roƙon da ta yi ne ya ɓata mini hajji, in yafe mata. Ita ke neman gafarata, Gwaggo.

Carbin yana cikin kwallata, ban san yadda zan yi da shi ba. In jefar, in aika, ko in ajiye? In zauna da mutumin nan ko in tafi? Uwata tsufa ya kama ta, kuma ina jin tsoron ranar da Badung zai zo da wani saƙon daban.

Taki cikin damuwa,
Hajiyar da ba a kira da sunanta, Jos.

Amsa:

Hajiya, na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma da gangan na kira ki Hajiya. Kin je, kin yi ɗawafi, kin tsaya Arfa. Karɓar aiki na Allah ne shi kaɗai, Yaya Balaraba ba ta san matsayin nata ba balle naki. Wannan ki cire shi daga ranki.

Maigidanki ya yi laifi, ba zan shafa masa mai ba. Cusa carbi a buhu mantuwa ce, kowa na yi. Rantsuwar da ya yi, da gorin asali ga matar da ta haifa masa 'ya'ya, wannan ba mantuwa ba ce, tsoro ne ya sa shi ya tura ki gaba ya ɓuya a bayanki. Amma ki tuna mutumin da ya yi cinikin nan da yatsu a Sham shi ne dai wannan. A can babu idon 'yan kasuwa sai ya bi zuciyarsa, a zaurensa kuma ya bi idon mutane. Irin wannan rauni ana gyara shi, ban ga dalilin kashe aure mai 'ya'ya huɗu a kansa ba tukuna. Kada ki yi yaji. Ki same shi ku biyu, ba a kan abinci ba, ba gaban yara ba, ki ce masa abu ɗaya kike nema: ya je Zawan da ƙafarsa ya gai da surukarsa ya ba ta haƙuri. In ya noƙe, ki bi ta wurin matar liman. Mutumin da ya rufa muku asiri a gaban jama'a ya san gaskiyar lamarin, kuma maganarsa za ta shiga kunnen Alhaji fiye da taki ko tawa.

Yanzu ke. Ki yi haƙuri, akwai naki. Kin ɗaure zuwanki da zuwan Alhaji, kina hukunta shi da ƙauracewa, amma wadda hukuncin ke faɗa wa tsohuwa ce da ba ta yi komai ba. Ke kin san kunya ce da fushi suka hana ki zuwa. Ita ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne surukinta ya yi mata gori, 'yarta kuma ta yi shiru, har Kirsimeti ya wuce. Me kike so ta ɗauka? Shi ya sa take neman gafararki.

Batun za a ce kin koma, ai ba ki je ba ma ana faɗa. Masu magana ba za su rasa abin cewa ba, kuma ba su za a tambaya haƙƙin uwarki ba. Ni ba malama ba ce, amma ko yaron makarantar allo ya san an umarce mu da kyautata wa iyaye ko da addini ya bambanta. Hukuncin sayen carbin, in yana damun ki, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki bi abin da ya ce nan gaba. Wanda ke cikin kwallarki kuwa liman ya riga ya ce a mayar wa mai shi, kuma mai shi tana Zawan. Ki haɗa mata da dabino da turmin zane, kada ta ga an ware ta daga tsarabar da kowa ya samu. Ki ba ta labarin masallacin nan da matan da kika gani a tsaye, ki faɗa mata kukan da kika yi da wadda kika tuna. Ina jin wannan zai fi mata carbin.

Kada ki aika Badung, zumunta a ƙafa take. Ki sanar da maigidanki, ki ɗauki yara, ki shiga mota cikin makon nan. Kuma kada saƙonta na kada ki zo ya tsorata ki. Ni ma uwa ce, na san irin wannan maganar. Tsohuwar da ta yanke zumunci takan aiko a ɗauko mata kayanta. Badung ya zo ya koma, ba ta ce ya taho da tukunyar ba. Ki wanke ta, ki kai mata da hannunki, ki ce kin zo cin tuwon acca.

Allah ya karɓi hajjinki, ya shirya tsakaninki da maigidanki, ya ba Ngo tsawon rai ki same ta da lafiya.

Gwaggo Binta.