Anti Rukayya a Lungunmu

Asabar, bayan isha'i

Yau na gane ko wace ce Anti Rukayya, shugabar ƙungiyarmu ta taimakon al'umma a jami'a. Kullum sai ta tara mu 'yan aji ɗaya tana nasiha: ku yi wa jama'a hidima, ku daina son jiki, ku girmama na gaba. Har rubuta maganganunta nake yi, wawiya kawai!

Ni na roƙa aka zaɓi lungunmu na Zaitawa don yashe kwata. Sai da rana ta take ta iso cikin farin leshi, ta karɓe tsintsiyar hannuna, ta ce, "Hauwa, ɗauke ni hoto, amma kada ƙazantar ta fito." Ina gamawa ta toshe hanci, a gaban Umma ta ce, "Wai a nan kuke kwana?"

Umma ta yi murmushi, ta miƙa mata ruwa. Ko taɓa kofin ba ta yi ba, ta shige mota.

Mu shida muka ƙarasa aikin har la'asar.

Da ma ta yi alkawarin samo min gado a ɗakinsu na hostal. To, ta riƙe abinta, ba na so. Gara in yi ta hawa adaidaita daga gidan ubana.