Kwanon Baba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Sati biyu ke nan da na ɗauko Baba daga ƙauye zuwa nan Muchia, bayan rasuwar Inna. Ba ya cin abinci. Ni da na shekara goma sha tara ina sayar da shinkafa a kasuwar Sabon Gari, wadda in mutum ya taya kayana ba ya tafiya haka nan, na kasa shawo kan tsoho ya yi loma uku. Yau dafa-duka na yi da busasshen kifi da daddawa. Na zuba a tangaram ɗin baƙi, na kai masa ɗaki, na ja ƙofa na tafi rumfa. Na dawo, gefe ɗaya kawai ya ɗan taɓa.

Laraba, 7 ga Mayu
Tuwon shinkafa, miyar taushe. Ya ce ya yi laushi, Allah ya yi albarka. Loma biyu.

Asabar, 10 ga Mayu
Yaya Nehemiah ya zo daga Samaru, ya ga wandon Baba yana zamewa daga ƙugu. Wai in wata ya ƙare bai murmure ba, zai mai da shi ƙauye, birni ne bai karɓe shi ba. Wurin wa? Ɗakin can ma yoyo yake. Na ce ya bar ni da aikina. Baki dai na yi.

Talata, 13 ga Mayu
Na ce ƙila mutumin dawa ne, shinkafar ce ba ya so, sai in sauya mata kama. Na jiƙa, na kai niƙa, na toya waina, na ce masa ta gero ce. Ya murza a yatsa ya ce, "Doguwa, ni za ki yi wa wayon kasuwa?"

Juma'a, 16 ga Mayu
Sinasir jiya. Yau kunun gyaɗa da shinkafa, har da zuma. Nakiya ma na daka, kafaɗata kamar ta cire. Jikokin masu gida ne suka more.

Talata, 20 ga Mayu
Hadari ya koro ni gida da wuri. Na tarar da Baba a zaure da maƙwabcinmu Malam Hamza tela, hannu cikin kwano ɗaya. Garau-garau! Shinkafa da wake, mai da yaji, shinkafar ma ba a rege ta da kyau ba, daga bakin ƙofa ina jin tsakuwa. Baba har da suɗe yatsu. Malam Hamza ya ce shi bai yi komai ba, bismilla kawai ya yi masa. Na yi dariya, amma raina ya sosu.

Laraba, 21 ga Mayu
Na tambayi Baba dalili. Ya ce tun da aka yaye shi bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba: da ƙannensa, sannan da samarin gida, da suka watse kuma da Inna, a ɓoye. "A wajenmu, wanda ake rufe wa ƙofa da kwano, ko majinyaci ne ko an yi fushi da shi."
Ni kuwa girmama shi nake yi a ganina. A gidanmu 'ya mace ba ta sa hannu a kwanon uba, shi ya koya mana.

Asabar, 24 ga Mayu
Malam Hamza ya tafi Kano sarin yadi, sai bayan kwana biyar. Jiya Baba bai ci ba.

Litinin, 26 ga Mayu
Na rufe rumfa da rana na dawo. Farar shinkafa na dafa da mai da yaji, sai ɗan kifi, a babban kwanon sha. Na ajiye a gabansa, na zauna, na ce gishiri zan ɗanɗana. Na sa hannu a kwanon, na ci gaba da ci. Can sai ya turo kifin gefena da yatsa. Muka cinye.
Daman da azahar ba wani ciniki ake yi ba. Gobe ma rufewa zan yi.